A ba ni labarin bincike wanda ba zai hana ni barci ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da dare. Shawara nake nema. Ina son littafin bincike, irin wanda za a yi wata ɓarna a ɓoye, a yi ta bin sawu har a gano wanda ya yi, amma don Allah ban da na jini da bindiga. Abin da muke ji a rediyo kullum da safe daga ƙauyukanmu ya ishe mu, ba sai na sa kuɗina na sayo wani ba. Na Turanci ko na Hausa duk ɗaya. In da hali wanda Ilham ma za ta iya ɗauka bayan na gama, tana aji biyar a sakandare.

Ɗan Ƙofar Soro: Wa alaikumus salam Anti. Bincike babu jini ai tuwo ne babu miya. To me za a bincika?

Anti Malama: Kai yaro, je ka yi karatun jarabawarka. Maman Ilham, abin da kike nema akwai shi, kuma fanni ne guda mai zaman kansa a rubutun Turanci. Labarai ne masu sanyi. Yawanci akan kashe mutum, amma ba a gabanki ba, ba kuma za a tsaya ana siffanta miki rauni ba. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Mai binciken ba ɗan sanda ba ne, galibi mace ce mai wata sana'a, mai gidan burodi ko mai shagon zare ko ma'aikaciyar laburare. Babu ashar, babu batsa. A ƙarshe a kama mai laifi, gari ya koma zamansa. Ki fara da Agatha Christie, littattafanta na tsohuwar nan Miss Marple. Na farko ya fito a 1930, duka kuma 12 ne. Ina da The Body in the Library na 1942, wato gawa a ɗakin littattafai, siriri ne, ba zai cinye miki mako ba.

Maman Ilham: Anti, gawa tun a bango?

Anti Malama: Gawar ba ta wuce dalilin fara magana ba. Mai aiki ce ta tashi matar gida da sassafe ta ce mata ga gawar wata budurwa a ɗakin littattafai, kuma babu wanda ya san ta a gidan. Matar gidan ba ta yi wata-wata ba ta aika aka ɗauko ƙawarta tsohuwa. Abin da zai ba ki dariya shi ne yadda tsohuwar take bincike. Ba ta da madubin likita, ba ta bin kowa da gudu. Duk wanda ta gani sai ta tuna wani mai irin halinsa a ƙauyensu, ta ce ai wane ma haka ya yi lokacin da kuɗin coci suka ɓace. 'Yan sanda na mata kallon tsohuwa mai surutu, ita kuwa tuni ta gama da su.

Hajiya Babba Daura: Wannan ai kakarmu ce aka rubuta. Ko cokali ya ɓace a gida ba ta tambayar kowa, ido kawai take bin mu da shi har mai abu ya tsargu.

Baba Laburare: Salamu alaikum. Malama, kin yi zaɓi mai kyau, amma a yi wa Maman Ilham bayani kada ta sa rai da abin da babu. Laburaren da ke cikin wannan littafin ɗaki ne a gidan wani tsohon kanar, ba laburaren gari ba inda jama'a ke shiga aro. Masu kafa labarinsu a laburaren gari galibi Amurkawa ne, kuma na baya-bayan nan. Ni da na yi aikin nan har na yi ritaya su na fi so, don ina karantawa ina duba ko marubucin ya san aikin ko kuwa ji ya yi. Wanda na fi yarda da shi jerin Miranda James ne, na farkonsu Murder Past Due, 2010. Sunan aro ne, marubucin namiji ne kuma shi kansa ma'aikacin laburare ne, ana gani a rubutun. Jarumin dattijo ne da matarsa ta rasu, ya koma garinsu a jihar Mississippi yana kula da tsofaffin takardu a laburaren kwaleji. Wani shahararren marubuci da suka yi makaranta tare ya dawo gari yana taƙama, aka wayi gari an kashe shi, sai ga shi rabin garin kowa na da dalilin jin haushinsa.

Ɗan Ƙofar Soro: Baba shi ne mai magen nan? Na ga bangon a wayar wani abokina.

Baba Laburare: Shi ne. Ƙatuwar mage, yana ɗaura mata igiya yana zuwa da ita wurin aiki.

Hajiya Babba Daura: La'ilaha illallahu. Dattijo ya ja mage da igiya daga Kusugu zuwa kasuwa, ai kafin azahar an kai maganarsa wurin mai ruƙiyya.

Mai Shagon Littattafai: Hajiya, rabin irin waɗannan littattafan da ke zuwa mana a dilar gwanjo akwai mage a bangonsu. In ba mage ba, kofin shayi. Da su nake gane su ko ban karanta sunan ba, in ware su gefe ɗaya. Matan da ke koyarwa su ne masu sayensu, sai ma'aikatan jinya masu kwanan asibiti.

Anti Malama: Ni kuma a na laburaren gari na fi son na Jenn McKinlay. Books Can Be Deceiving, 2011, shi ne farkon jerin. Shugabar laburaren wani ƙaramin gari ce a bakin teku a jihar Connecticut. Ƙawarta mai kula da sashen yara aka zarga da kashe saurayinta, ita kuma ta ce ba ta yarda ba. Akwai ƙungiyar mata da ke haɗuwa a laburaren suna saƙa suna cin abinci suna tattauna littafi, a nan ake tankaɗe duk wani zancen gari. Turancinsa mai sauƙi ne, jimloli gajeru, ɗalibar aji biyar ba za ta riƙa tsayawa duba ƙamus ba. Abu ɗaya, Maman Ilham, rayuwarsu ce ba tamu ba: akwai saurayi da budurwa suna fita cin abinci, akwai shan giya a wurin liyafa. Ba a wuce nan ba, amma ke uwa ce, ki riga ta karantawa.

Maman Ilham: Haka zan yi in sha Allahu. Abin da ke wayoyinsu ma ya fi wannan, amma dai.

Uwar Alƙalami: Ku yi haƙuri na shigo a makare, sai yanzu aka kawo wuta. Ni gargaɗi zan yi. In wani ya ba ki Real Murders na Charlaine Harris, na 1990, don ya ga jarumar ma'aikaciyar laburare ce a wani ƙaramin gari a Georgia, ki ajiye shi tukuna. Labarin wata ƙungiya ce da ke taruwa tana nazarin tsofaffin kashe-kashe na gaske, sai wani ya fara kwaikwayonsu a kan 'yan ƙungiyar. Rubutun ya yi kyau, ban ƙi ba, amma ba na daren da maigida ya yi tafiya ba ne. Mutane na jera shi da sauran don kawai akwai laburare a ciki.

Ɗan Ƙofar Soro: Yawwa, wannan shi ne nawa. Yaya, yana wurinki?

Uwar Alƙalami: Sai ka dawo da wanda ka ara tun kafin azumi.

Malam Ƙerau: Ina da tambaya, kuma ba don in ɓata muku hira ba. Ta yaya za a ce an kashe rai, sannan a kira labarin mai sanyi? Mutum ya mutu, a shafi na gaba ana cin kek ana wasa da mage. Ni wannan ya fi tayar mini da hankali a kan wanda ya nuna jinin ƙarara. Wancan aƙalla ya ɗauki ran da muhimmanci.

Anti Malama: Malam, maganarka tana kan hanya, kuma masu sukar adabi na can ma sun daɗe suna yin ta. Dabarar da marubutan ke yi ita ce su sa wanda za a kashe ya zama wanda ba ka shaƙu da shi ba, ko mugu, ko baƙo, don kada baƙin ciki ya hana ka lissafi. Wasan ƙwaƙwalwa ne. Tun 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, ya rubuta musu ƙa'idoji 10: dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, ban da aljanu da tsafi, mai bincike kada ya ɓoye wa mai karatu wata alama da ya gani, kuma kada a zo ƙarshe a ce ashe tagwaye ne ba tare da an share fage ba.

Malam Ƙerau: Ban da aljanu? To an kashe kasuwar marubutanmu.

Uwar Alƙalami: Malam ka taɓo mu. Amma gaskiya ce, da labari ya cije sai mu jawo boka ya warware.

Hajiya Babba Daura: Ni dai in ana son wanda ba kisa ne a gaba ba, kuma mutanen cikinsa sun yi kama da mu, a nemi na matar nan ta Botswana. Jikata ce ta karanta mini tana fassarawa. Mahaifinta ya rasu ya bar mata shanu, ta sayar ta buɗe ofishin bincike. Matsalolin da ake kawo mata irin namu ne: miji ya ɓace, wani ya zo ya ce shi ne uban wata alhali ƙarya yake, yana son a ci da shi. Tana shan shayinta tana sauraro, da hankali take warwarewa. Mace mai jiki, mai kunya, mai girmama manya.

Anti Malama: The No. 1 Ladies' Detective Agency, na Alexander McCall Smith, 1998. Babu laburare a ciki, amma Hajiya ta yi gaskiya, shi ya fi kusa da mu. Akwai zancen yaron da ya ɓace ana zargin matsafa, wannan ɓangaren yana da ɗan nauyi, sauran kuwa lafiya lau.

Maman Ilham: Baba, ni abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa laburare? Mu nan in ka ce za ka laburare ai an san jarabawa ce ta matso.

Baba Laburare: 'Yata, tarihi ne ya jawo. Wani attajirin ƙarfe, Andrew Carnegie, ya ba da kuɗin gina laburare sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, fiye da 1,600 daga ciki a Amurka, da yawansu a ƙananan garuruwa. Sharaɗinsa, gari ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wajen kula da shi. Shi ya sa laburare ya zama na gari, da harajinsu ake riƙe shi, suna da kwamiti, suna faɗa a kansa. Tsoho ya zo karanta jarida, uwa ta kawo yara a karanta musu labari, mai neman aiki ya zo amfani da kwamfuta. Wuri ne da talaka da mai kuɗi ke shiga ba a tambaye su me suka zo saya ba. To marubuci na neman inda duk waɗanda ake zargi za su riƙa giftawa ta gaban mutum ɗaya, ina ya fi nan?

Sannan ma'aikacin laburare ya san abin da mutane ke karantawa, wannan kuwa sirri ne babba. Wanda ya ari littafin rabon gado, wadda ta ari na shari'ar saki, wanda ya zo yana tambayar tsohuwar taswirar filaye. A tarbiyyar aikinmu ba a faɗin abin da wani ya ara, ko ga matarsa. Marubutan kirki a nan suke samun rikicin: ta san abu, aikinta ya hana ta faɗa.

Mu ma ba a bar mu haka ba. Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu an buɗe ɗakunan karatu a ƙarƙashin En'e, mutane na zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, su ji labarin yaƙi. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, saura su saurara. Ɗakin karatu a lokacin majalisa ce.

Ɗan Ƙofar Soro: Baba ka rubuta littafi kawai.

Baba Laburare: Idona bai kai ba yanzu. Ga masu alƙalami nan.

Uwar Alƙalami: Wallahi tun ɗazu abin ke yawo a kaina. Na duba a namu na Hausa, akwai na 'yan fashi, akwai na jami'an tsaro da faɗa, akwai na kishiya ta sa guba, amma irin wannan mai sanyin, na ƙaramin gari da mai bincike wadda ba hukuma ba, ni dai bai zo hannuna ba. Sai dai in za a kafa shi a Daura akwai matsala. Su can gawa na kwana da kwanaki a hannun likita, a gano guba ce ko duka, a faɗi ƙarfe nawa ya mutu. Christie kanta a ɗakin haɗa magani na asibiti ta yi aiki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa ta san guba. Mu kuwa mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Wa zai tsaya a wurin zaman makoki yana tambayar wa ya ba shi kunu?

Maman Ilham: Ko a asibiti da wuya dangi su yarda a taɓa gawa. Ina gani a wurin aiki.

Malam Ƙerau: To ku bar kisan mana. Dole ne sai an mutu?

Baba Laburare: Ba dole ba ne, kuma ga misali. A jerin Eva Gates, na farkon By Book or By Crook, 2015, laburaren a cikin hasumiyar fitilar jiragen ruwa yake a gaɓar North Carolina. An kawo aron bugun farko na littattafan wata tsohuwar marubuciyar Ingila don baje koli, sai suka fara ɓacewa. Akwai kisa a ciki, amma ni satar littattafan ce ta riƙe ni. Mu kuwa a nan ƙasar Katsina me muka fi shi? Garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, garin Gobarau. Gidajen malamai cike suke da rubutun hannu na Larabci da ajami a cikin gafaka. A ce wani gida sun ba laburaren gari ajiyar kundin kakansu don gara ta dame su, aka wayi gari babu shi, ko mafi daɗi, yana nan amma an zare warƙa uku daga tsakiya.

Uwar Alƙalami: Baba ci gaba, ina rubutawa.

Baba Laburare: Irin waɗannan littattafan ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a sake tsakanin bango biyu, a naɗe da fata. Ba lambar shafi. Abin da mai kwafi ke yi, a ƙasan shafi sai ya rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Duk wanda ya san haka, yana bi zai gane inda aka zare, ko da ɓarawon ya mayar da komai tsaf. Ga alama ta farko, kuma kin ga wanda bai yi karatun zaure ba ba zai lura ba. Ta biyu takarda. Yawancin tsofaffin takardun da suka zo mana ta Sahara daga Italiya suke, in kin ɗaga a rana za ki ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. In wani ya sauya warƙa da ta jabu, ya jiƙa takardar zamani da shayi don ta tsufa, rana za ta tona shi. Ta uku tawada, ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, zamanta a takarda daban da na biro ko na kanti. A ƙarshen littafi kuma mai kwafi yakan sa sunansa da na mai littafin, wani lokaci a gefe a rubuta haihuwa ko bashi ko iyakar gona. To kin ga dalilin sata: ba littafin ake so ba, abin da aka rubuta a gefensa ake so ya ɓace kafin rabon gado.

Malam Ƙerau: Yanzu na shigo. Wannan zan saya.

Ɗan Ƙofar Soro: A ina ɓarawon zai ɓoye su? Ai mai gadi na duba jaka a ƙofa.

Baba Laburare: Ba sai ya fita da su ba. Mu a tsarin Dewey, wanda aka fara tun 1876, kowane littafi da lambarsa: addinin Musulunci 297, ƙagaggun labaran Ingila 823, haka dai. Littafin da aka ajiye ba a lambarsa ba ya ɓace, ko da yana cikin ɗakin. Ka cusa warƙoƙin cikin wani tsohon kundin lissafi da babu wanda ya ara tun zamanin jihar Kaduna, ka mayar kan kanta. A bayan bangon kowane littafi akwai 'yar takardar da muke buga ranar dawowa. In mai bincike ta ga littafin da hatiminsa na ƙarshe na 1986 ne, amma babu ƙura a kansa alhali maƙwabtansa sun yi futu-futu da ƙurar hunturu, me za ta ce?

Anti Malama: Baba, Allah ya sa ba ka taɓa yi ba.

Baba Laburare: Yara masu ɓoye littafin jarabawa don kada wani ya riga su ne suka koya mini.

Hajiya Babba Daura: Duk na ji, amma ku tsaya. Wa zai yi binciken? In namiji ne mai laburaren, iyakarsa zaure. Ba zai shiga cikin gida ya tambayi matan aure ba, kuma rabin maganar gado a cikin gida take. In budurwa ce, ta fara bin gidaje tana tambaya, kafin sati an ce ba ta da kamun kai. Ku ba shi dillaliya. Ita ce ke shiga kowane gida da ƙullin atamfa, ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye, ta san gidan da aka yi sabon firji ba a san inda kuɗin ya fito ba. Ko ungozoma, ko mai kitso. Shi ya riƙe takarda, ita ta riƙe mutane, su haɗu a ƙofar laburare da la'asar tana cewa ta zo karɓar kuɗin adashi.

Uwar Alƙalami: Hajiya kin gama mini littafin. Yayarsa zan mayar da ita, don kada masu karatu su fara haɗa su aure.

Mai Shagon Littattafai: Za su haɗa shi da wata ko kin ƙi. Littafin da babu soyayya ko kaɗan yana daɗewa a kanta, ni na sani.

Hajiya Babba Daura: Sannan ƙarshen. Su can na ji ana tara mutane a falo a nuna mai laifi da yatsa. Mu ba a haka. Wanda ya zare warƙar nan ɗan gidan ne, gobe da shi za a yi sahu a masallaci, ƙanwarsa na auren ɗan wanda ya cuta. Mai unguwa zai kira shi bayan isha'i, daga shi sai babban wansa, a ce masa an sani. Da safe a ga warƙoƙi sun dawo, a ce an same su a bayan kanta. Gari duka ya san abin da ya faru, babu mai furtawa.

Malam Ƙerau: A nan kuma ban bi Hajiya ba. Rufin asirin nan shi ke sa mai hali ya ci gadon marayu ya kwana lafiya. In marayu aka so a zalunta, a kai shi gaban alƙali, mai karatu ya ga an yi hukunci.

Hajiya Babba Daura: Malam, haƙƙinsu ya dawo hannunsu fa. Me kuma ake nema, a kunyata 'ya'yansa?

Malam Ƙerau: A hana na gaba sha'awa.

Uwar Alƙalami: Ku bar shi haka, wannan gardamar taku ita ce babin ƙarshe. Dillaliya na son a rufa, ƙanenta na son a kai kotu.

Ɗan Ƙofar Soro: Kafin nan, wa ke da waɗancan na Turancin a waya ya turo mana?

Uwar Alƙalami: Ka ga irinta ko? Haka ake mana, ka kwana kana rubutu, washegari ka ga littafinka na yawo a WhatsApp kyauta har da sunan wani a kai. Ba da ni ba.

Anti Malama: In na kyauta kake so na halal, shafin Project Gutenberg na da littafin Christie na farko, The Mysterious Affair at Styles na 1920, da labaran Sherlock Holmes, don haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka. Ba Miss Marple ba ce a ciki, amma a gidan ƙauye ne kuma guba ce, ba bindiga.

Mai Shagon Littattafai: Sababbi kam da canjin dala ba zan ba kowa shawarar ya yi oda ba. Na gwanjo sa'a ce, ba na iya cewa ga wanda zai zo. Na Christie ba sa yankewa, na matar Botswana ma yakan faɗo. Na mage da laburare in na buɗe dila na gani zan sa hoton bangon a nan, wanda ya riga ya riga. Kuma ba sai an bi jerin daga na ɗaya ba, kowane littafi da matsalarsa, sai dai za ki tarar an yi aure ko an rabu ba ki san yaushe ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Malama zan turo Ilham ta karɓi naki gobe in ta taso makaranta.

Anti Malama: Ta same ni gida bayan la'asar. Bangon ya ɗan yage, a riƙe shi da hankali.

Uwar Alƙalami: Baba, ina son in ga 'yar takardar hatimin nan da katin aro da idona, kuma in akwai mai tsohon kundi da zai yarda in ɗaga warƙa ɗaya a rana.

Baba Laburare: Katunan ina da su a akwati. Kundi kuwa sai na nemi izinin masu shi, ba a taɓa shi da hannu mai maiƙo, kuma ba za su yarda a ɗauki hoto ba sai babbansu na nan. Ki shigo Daura ranar Asabar, ki zo da ƙanenki.

Hajiya Babba Daura: Ki fara biyowa ta gidana. Akwai dillaliyar da zan haɗa ki da ita, amma kada ki ce mata littafi za ki rubuta, ki ce zannuwan gado kike nema.